Uwar da Ke Kiran Sunan Ɗan Fari

A shekarun da man fetur ya fara yi wa gwamnati daɗi, aka aiko wa wata makarantar sakandaren 'yan mata a Birnin Kudu sababbin littattafan Turanci, kwali-kwali. Wani jami'in ilimi ya zo daga Kano ya yi jawabi, ya ce tunda mun sami 'yancin kai, ba labarin Ingila kaɗai za a karanta ba, har na Indiya da na tsibiran bayan teku, domin karanta labarin wasu yana buɗe ido. Malama Barira, mai koyar da Turanci, ta tafa kamar kowa. Ba wanda ya tambayi jami'in ko shi ya karanta.

Littafin 'yan aji biyar labarin wata mai wanki ne a wani tsibiri, da ɗanta na fari. Kowane shafi sai ta kira sunansa. Ta rungume shi a kasuwa, ta yabe shi gaban mutane.

Da suka kai ƙarshe, Malama Barira ta ce kowa ta rubuta yadda marubucin ya nuna son uwa ga ɗanta. Amsar da ta fi kyau a Turanci ita ce ta Kulu, 'yar garin Sara na ƙasar Gwaram. Kulu ta rubuta, dalla-dalla, cewa matar ba ita ta haifi yaron ba, riƙonsa aka ba ta. Rabin ajin ma haka suka ce.

"A ina kuka ga haka?" in ji Malama.

"Malama, ai a fili yake," in ji Kulu. "Wace uwa ce za ta kama sunan ɗan fari, gatsal, a tsakiyar kasuwa?"

"Sai mara kunya," wata ta faɗa daga baya. Aji ya kwashe da dariya.

"Ko kuma gwaggonsa ce, yana ƙarami aka ɓoye masa," in ji Kulu.

Malama ta zauna. Tun safe take tsaye, ga alli ya shaƙe mata maƙogwaro. Ta yi musu bayani cewa a can babu alkunyar ɗan fari, uwa na kiran ɗanta yadda ta ga dama. Sauran suka ce to, suka gyara, ba don sun yarda ba. Kulu ta ƙi.

Da aka tashi Malama ta tsayar da ita. Jarrabawar fita ta matso, kuma mahaifin Kulu ya riga ya faɗa: in ta ci Turanci ta wuce kwaleji Kano, in ta faɗi karatu ya ƙare.

"Kulu, masu duba takardarki suna Legas. Ba su san Sara ba. Suna ganin wannan amsar za su ɗauka ba ki fahimci littafin ba."

"Na fahimta, Malama. Ni 'yar fari ce. Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ko abinci ƙanwata Hapsatu take ba wa ta miƙo mini. In na rubuta kiran suna shi ne so, ita me na ce da ita?"

"Ba ita aka tambaye ki ba."

"Amma jami'in nan ya ce muna karanta labarin wasu don mu gane su ne. Su kuma wa zai sa su gane mu?"

Malama ta tattara littattafanta. Ta ce, "Ki rubuta abin da suke so. Ki ci, ki tafi, ki dawo ki rubuta naki littafin, su ma su sha wahala."

Kulu ba ta yi dariya ba.

A gwajin ƙarshe kafin babbar jarrabawa ta kawo amsa tsaf: uwa ce ta gari, shaidar sonta kuwa yawan kiran sunan ɗanta. Babu kuskure ko ɗaya. Malama ta ba ta maki mafi yawa a ajin, ta miƙa mata takardar.

Kulu ta karɓa hannu bibbiyu, ta rusuna.

"Malama, ke naki ɗan farin, kina kiran sunansa?"

"A'a."

"To haka zan rubuta musu ranar?"

"Haka za ki rubuta," in ji Malama Barira, ta juya tana goge allo.