Katakai Biyu a Ƙofar Garejin Abu Marwan

"Matsa na hagun! Na hagu na ce, Abu Dima, ko sai na zana maka?"

Na tura katakon da ƙafa. Maƙwabcina Abu Marwan ya saki kuloci a hankali, jar motar ta bi kan katakan biyu ta sauko lungu, cikinta bai karci siminti ba. Haka muke yi tun da ya saye ta wata guda kafin nan. Gajeriya ce, kujera biyu kacal, ƙofar garejinsa kuma tudu. Idan babu mai shimfiɗa katako, ba ta fita.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana jan bas tsakanin Amman da Irbid. Da likita ya haɗa shi da 'yar tukunyar iska da roba a hanci, sai ya sayar da gonar zaitun ɗinsa ta gado ya sayo wannan, wai zai shiga gasar tuƙi ta ranar Juma'a. 'Ya'yansa biyu suka yi ta faɗa a waya daga Dubai. Ya ce su zo su ƙwace makullin in sun isa.

'Yata Dima ce ta shirya masa motar. Ta fitar da safaya da shimfiɗun ƙafa, ta auna iskar kowace taya, ta shafa alli a gefensu don a ga inda suke ci a kwana.

"Baba, in Ammu Abu Marwan ya gama, ka bar ni in yi zagaye ɗaya."

"Ba da raina ba."

Shekararta ashirin da huɗu, kuma ita kaɗai gare ni. Idan ta yi lattin minti goma daga kemis ɗin da take aiki, ina bakin lungu da waya a hannu.

"Ka jiƙa ta a kwalba ka rufe mana, kamar zaitun," in ji Abu Marwan.

"Kai da ka saki naka biyu, wa ke dafa maka shayi?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

A wani babban filin ajiye motoci ake yin gasar, kan hanyar filin jirgi. An jera robobi masu tsini, mota ɗaya-ɗaya take shiga ta bi tsakaninsu, agogo na ƙirgawa. Wanda ya taɓa roba a ƙara masa daƙiƙa biyu. Mai duba motoci ya leƙo ta taga.

"Hajji, duk abin da ba a ɗaure yake ba sai ya fita."

Abu Marwan ya cire carbin da ke rataye a madubi. Mutumin bai motsa ba, idonsa na kan tukunyar.

"Wannan? Ta hawan bene ce kawai."

Ya zare robar daga hancinsa, ya ɗora mini tukunyar a hannu.

"Ka ji tsoron Allah, Abu Marwan," na ce masa ƙasa-ƙasa.

"Minti ɗaya ne. Riƙe mini."

Aka mayar da mu bayan igiya, inda babu mai tsallakewa sai mota ta fito. Tuta ta sauka, ya tashi. Yana kusantar robar farko sai fitilar sigina ta hagu ta fara ƙiftawa. Ya sha kwana. Ta dama ta kama. Fili babu kowa sai shi, amma hannun direban bas bai san a juya sitiyari ba tare da an sanar da na baya ba.

Wurin ya ɗauki dariya. Wani ya yi ihu, "Hajji, a sauke ni a gaba!"

Ni ban yi dariya ba. Sauran suna gamawa a daƙiƙa hamsin. Na ƙirga sittin, na ƙirga tamanin, sanyin ƙarfen tukunyar na ratsa rigata, igiya na tokare da cikina. Minti ɗaya da daƙiƙa arba'in ya yi. Da na isa gare shi leɓɓansa sun koma kamar toka. Dima ta cire masa hular kwano, na mayar masa da robar.

Sai da ya ja iska sau biyar sannan ya ce, "Ko roba ɗaya... ban taɓa ba."

Ni na jawo jar motar gida, a giya ta biyu.

Bai sake saukowa daga bene ba. A rana ta tara na kai masa miyar waken adas, ya laluba ƙarƙashin matashi ya miƙo mini makullin.

"Ban ce ka ba ta ba. Cewa na yi ka riƙe. Ai ka iya riƙo."

Washegari bayan la'asar ya cika, a zaune kan kujerarsa ta bakin taga. Kwana uku muna zuba wa masu ta'aziyya gahawa mai ɗaci. Na kai wa ɗansa Marwan makullin, ya mayar mini da hannuna. Ya ce babansu ya gaya musu motar ta gidanmu ce. Suka koma Dubai.

Yau kwana arba'in makullin na aljihuna. Na kasa sayar da ita, na kasa bayarwa. Dima ba ta sake roƙona ba, da ta roƙa ma da na sami abin yi wa faɗa. Kowace Juma'a da safe sai ta shiga garejin ta auna iskar tayoyin motar da ba ta zuwa ko'ina.

Ɗazu na jiyo hucin iskar daga tagarmu, na sauko. Katakan na jingine da bango, ruwan sama ya baƙanta su. Na ɗauki na hagu na shimfiɗa, na daidaita shi da ƙafa. Dima ta miƙe tsaye, alli a yatsunta. Na ɗauko na biyun. Ya fi yadda na san shi nauyi, na tsaya da shi rungume a ƙirjina.