Kwalba Mai Jan Zare

Sau uku a jere giyar Aitamaya ta yi tsami, kuma a ƙauyensu da ke kan dutse a saman garin Fidim ba a iya ɓoye irin wannan abin kunya. Mace ta dafa tamba, ta barbaɗa mata yisti, ta rufe tukunya kwana ashirin, a buɗe a ji wari kamar jiƙaƙƙen tsumma. Surukarta, wadda kowa ke kira Ama, ta ce kakanni ne suka yi fushi, ta sa aka yanka kaji biyu. Tukunya ta huɗu ma ta lalace, kajin dai sun tafi a banza.

Ƙanwarta Junu, mai aiki a kamfanin madara a can ƙasan dutse, ita ce ta kawo mafita ƙulle a cikin leda. Wani farin gari ne mai kama da gishiri, irin wanda suke wanke tankunan madara da shi.

"Didi, rabu da zancen kakanni, ƙazanta ce wadda ido ba ya gani," in ji Junu, da yake Didi suke ce wa yaya mace. "Ki narkar da shi a kwalba guda. In za ki yi wanki, murfi ɗaya a bokiti ya isa, sai ki ɗauraye sau uku. Ki yi rubutu a jikin kwalbar, kin ji ko? Ko yatsa kada ki tsoma, abin nan nama yake ci."

Rubutu kuma? Junu ta daɗe a birni ta manta gida. Tukwanen nan Ama ta gaje su ne daga tata surukar, kuma tun da aka ƙera su toka da ganye kaɗai suka sani. Ranar da tsohuwar ta ji an zuba musu maganin kamfani, ranar za a ji su har tsallaken kogi. Aitamaya tana tsoron bakin Ama fiye da yadda take tsoron garin, wannan ita ce gaskiyar magana.

Don haka a bayan garken awaki take haɗawa, kaɗan-kaɗan, kwalba ɗaya a wata. Takan zuba garin a ruwa a hankali, ta ji kwalbar tana ɗaukar zafi a tafin hannunta ba tare da wuta ba, abin da bai taɓa daina ba ta tsoro ba. In ya huce sai ya koma fari tas, ba launi ba wari. Ka ajiye shi kusa da raksi, barasar da suke tatsowa daga tururin giyar tamba, ko wadda ta tatsa ba za ta bambanta su da ido ba.

Wurin ajiya ne ya dame ta. A garke awaki za su ture, a ɗakin girki mijinta Budiman zai ɗaga ya kwankwaɗa, don shi duk farin ruwan da ke cikin kwalba nasa ne. Sai wata dabara ta zo mata, irin dabarar da mutum kan yi ta yaba wa kansa. A gidan nan, kwalbar da aka ɗaura wa jan zare a wuya ta kakanni ce. Ba mai ɗanɗana ta, ba mai ko sunsuna ta, domin abin da hanci ko leɓe ya riga ya taɓa ya zama saura, kuma ba a ba kakanni saura. Ta ɗaura wa kwalbar maganin jan zare, ta tura ta can ƙuryar kanta ta sama, bayan tulun gishiri.

Giya ta gyaru. Wata huɗu ba tukunyar da ta ɓaci. Ama ta ce ai ga shi, kajinta ne suka yi aiki a makare, Aitamaya ta ce haka ne, Ama.

Da ranar miƙa wa kakanni sabon amfanin gona ta zo, za a yi hidimar a babban gida, wajen yayan Budiman, tafiyar sa'a guda a kan dutse. Tun jajibere Aitamaya ta cika kwalba da raksi mafi kyau, ta ɗaura mata zare, ta ajiye ta a bakin kanta inda hannu zai fara kaiwa. Da safe ta ɗora tamba a wuta, kuma tamba in ta dahu ba ta jiran kowa, dole a baza ta a sa yisti kafin ta huce. Ama ta ce, "Kanci, ki gama ki biyo mu," sunan da take kiran matar autanta ke nan. Ama da Budiman suka wuce, Aitamaya tana bayan gida tana fama da tabarmar shanya.

Rana ta ɗaga sosai kafin ta shigo ɗaukar magani don wanke tukunya. Kwalbar bakin kanta tana nan inda ta ajiye ta. Ta tsaya tana kallonta. Ta taka turmi, ta zura hannu bayan tulun gishiri, ta lalubo dama, ta lalubo hagu. Ƙura kawai ta shafo.

Ta ce wa kanta wataƙila ita ce ta sauya musu wuri ta manta. Ta cire murfin wadda ta rage, ta kai hanci, abin da ba ta taɓa yi wa kwalba mai zare ba. Ƙamshin raksi ya buge ta. Ta ajiye kwalbar ta fito da sauri.

Maƙwabciyarsu Maili tana zaune a tsakar gida tana ɓarar masara.

"Maili Didi, kin ga fitar Ama? Wace kwalba ta ɗauka?"

"Wace kuwa, ta kakanni mana. Har turmi ta taka, tsohuwa da ita, na ce Ama za ki karye a ranar biki a bar mu da jinya. Ta ce ta gaba sabuwa ce, ita ta ga wadda kika ɓoye a baya, wadda ta kwana biyu ta nuna. Wai ke wayo gare ki, mai kyaun kike ɓoye wa mijinki." Maili ta tuntsire da dariya, sannan ta dubi fuskarta. "Ke lafiya? Kamar kin ga gawa."

Aitamaya ta kwasa da gudu. Ko takalmi ba ta saka ba.

Matakalar dutsen nan ta hau ta ba adadi, da kwandon taki a bayanta ma, amma ba ta taɓa sanin tsawonta ba sai yau. Tun daga wajen famfon ƙauye ta fara jin farantin tagulla da fedangma yake bugawa, tsohon da ke yi wa kakanni magana. Ta san yadda abin yake tafiya. Muddin faranti yana kuka, ana kan kiran sunaye, kwalba tana rufe. In ya yi shiru, za a buɗe ta, a ɗiga kaɗan a kan duwatsun murhu, sannan a cika ƙoƙon farko a miƙa wa babba a dangi. Tun rasuwar surukinta, Ama ce babba. Daga ita sai fedangma, sai yayan miji, sai Budiman, har ƙoƙo ya zagaya kowa.

Tana hawa tana roƙon tsohon ya yi ta jan sunaye, ya manta wani ya koma baya, yadda ya saba har mutane su yi ta hamma. Ta wuce gonakin masara, ta wuce kurmin gora. Numfashi ya fara yankar ƙirjinta, dutse ya fasa mata babban yatsa ba ta ji ba. Ta yi ihu sau biyu, iska ta mayar mata da muryarta. Rufin kwanon babban gida ya bayyana, saura lanƙwasa uku na matakala.

Faranti ya yi shiru.

Ba ta san yadda ta gama sauran ba. Ta dai tsinci kanta a bakin ƙofa, hayaƙin turare ya cika ɗaki, mutane zaune a kewaye da murhu, kuma dariya suke yi. Dariyar ce ta fara ba ta bege, har ta ga abin da suke yi wa dariya.

Ama tana zaune a wurinta, ƙoƙo a kife a gabanta. Ta rungume kwalbar a ƙirji da hannu biyu, ta damƙe baki, hawaye na bin kumatunta. Babban ɗanta yana miƙa hannu.

"Haba Ama, kin sha kin hana? Kakanni ma ɗigo uku suka samu!"

"Ta Kanci ce, ai dole," in ji wata daga baya. "Dubi yadda ta fito mata da hawaye. Budiman, matarka za ta kashe mu da daɗi."

Ama ta girgiza kai, ta ƙara matse kwalbar. Ba a tofar da abin kakanni, ko me aka ji a baki. Ta haɗiye, kuma tun da ta haɗiye ba ta bari ɗigo ya kai ga kowa ba.

"Ba raksi ba ce!" Muryar Aitamaya ta fashe. "Maganin wanke tukunya ne, ni na zuba, ni na ɗaura zaren! Budiman, kawo kwando, a sauka da ita asibiti!"

Ɗakin ya hargitse. Fedangma ya saki farantinsa, wata ta fasa kuka, yayan miji yana ta tambayar wane magani, wace tukunya. Asibitin kuwa tafiyar sa'a uku ce, kuma a baya za a goya ta. Aitamaya ta durƙusa ta ɓamɓare yatsun tsohuwar daga kwalbar ɗaya bayan ɗaya. Leɓunan Ama sun yi fari, sun fara kumbura.

Da aka zaunar da ita a cikin kwando, Budiman yana gyara igiyar kwandon a goshinsa, Ama ta kamo gefen zanen Aitamaya ta jawo ta kusa. Muryar da ake ji har tsallaken kogi ta koma kamar ana jan busasshen ganye a ƙasa, sai da Aitamaya ta kai kunne dab da bakinta.

"Tun watan farko na sani, Kanci. Toka ba ta sa tukunya sheƙi haka." Ta tsaya ta nemi numfashi. "Giyar ta yi kyau, shi ya sa na yi shiru. Jira nake ki faɗa mini da bakinki."

Budiman ya miƙe da kwandon, suka fara gangara.