Matakalar Genzo

Duwatsu uku ne a kwarinmu da ake wasan zamiya a kan dusar ƙanƙara, kuma maigidana Genzo ne ke raba baƙi a tsakaninsu. Ba wanda ya naɗa shi wannan aiki. Masauki ne da mu, ƙarami, ɗakunan kwana a sama, wurin cin abinci a ƙasa, sai wata matakalar katako mai tsayi da santsi a tsakani, wadda kakansa ya ƙera. Da safe Genzo kan zauna a kujerarsa kusa da murhu, kofin shayi a hannu, ya zuba wa matakalar nan ido yayin da baƙi ke saukowa cikin silifas.

Ba ya tambayar kowa ko ya iya. Cewa yake duk wanda ka tambaya sai ya ƙara gishiri, musamman namiji in matarsa na kusa. Wanda ya riƙe ƙarfen gefe yana haɗa ƙafa biyu a kowane mataki, dutsen Koyama za shi. Wanda ya sauko ɗaya bayan ɗaya amma idonsa na kan ƙafafunsa, Nakamine. Wanda kuwa ya sauko ido a gaba, gwiwa a sake, bai ma san ana kallonsa ba, shi ne na Onikura.

Koyama tudu ne kawai in za a faɗi gaskiya. Layin kujeru ɗaya ke gare shi da igiya ke ja zuwa sama, kuma tsoho mai sanda zai iya riga kujerun isa. Can 'yan firamare ke koyo, can kuma Iya Sadako ke sayar da taliyar soba a bukkarta. Nakamine yana da faɗi, ana lallashe dusarsa da mota kowace safiya, ga kiɗa a lasifika, wurin da mai ɗan iyawa zai ji kamar gwani ne. Onikura kuma ba kiɗa ba lallashi. Gangare ne a tsaye tsakanin itatuwa, iska na dukanka ta gefe. A nan Genzo ya yi rabin rayuwarsa cikin masu ceto, yana sauko da waɗanda suka karye a kan gadon ja.

Ni ma da matakalar nan aka auna ni. Daga bakin teku aka kawo ni amarya, ban taɓa ɗaura katakon zamiya a ƙafa ba. Safiyar farko na sauko, hannu biyu a ƙarfe, ya dube ni ya ce, "Koyama." Shi ke nan. Can nake zuwa duk hunturu in na gama wanke-wanke, har 'yarmu Chisato ta girma ta yi aure a Sendai, har gashina ya yi fari. A kwarinmu hawa ake yi, daga ƙarami zuwa babba, ba a komawa baya, kuma ni ba wanda ya ce in hau. Abin ya ci mini rai shekaru da yawa, daga baya na saba. Ni da mijina ba mu taɓa sauko dutse ɗaya tare ba.

Bara da bazara jini ya ɗan toshe masa a ka. Allah ya taƙaita, ya tashi, sai dai ƙafar hagu ta zama mai jinkiri, yana aikenta tana zuwa a makare. Likita ya ce zai iya zamiya a wuri mai sauƙi, amma ya manta da gangare. Genzo ya yi kunnen uwar shegu. Da muka fito ya ce mini, "Yaron nan ko Nakamine bai kai ba, na ga yadda yake sauka daga benen asibiti."

Hunturu ya zo da dusa mai yawa, har aka sa ranar buɗe duwatsun uku lokaci guda. A Onikura al'ada ce limamin wurin bauta ya yi addu'ar neman tsari, sannan tsofaffin masu ceto su fara saukowa kafin kowa. Genzo bai taɓa fashi ba. Ya fito da katakonsa yana goga musu kaki a zaure yana 'yar waƙa, ni kuwa ina gefe ina kallon ƙafarsa. Na san Onikura ba ya yafe wa ƙafa mai jinkiri, domin daga bakinsa na ji labarin duk waɗanda ya ɗauko.

Chisato ta bugo waya. "Mama, ki ɓoye masa takalman mana."

"Ubanki ne fa. Sai ya ari na maƙwabta."

"To ki gaya masa gaskiya."

"Likita ma ya gaya masa, ya ce likitan bai iya sauka bene ba."

Akwai abin da ban gaya mata ba. Tun da ya dawo daga asibiti Genzo yake riga kowa tashi ya sauko ƙasa, kafin ni, kafin baƙi. Ya ce don ya hura murhu ne. Amma ina kwance ina jin matakalar. Da can saukarsa ba ta da ƙara. Yanzu kuwa taku biyu nake ji a kowane mataki, da ƙarar zobensa a jikin ƙarfe.

Ranar buɗewa muna da baƙi 'yan kaɗan. Wani mutumin Osaka mai surutu ya sauko da sabuwar riga ja, idonsa ƙur a kan silifas ɗinsa.

"Nakamine," in ji Genzo.

"Haba Baba, ni da na je har ƙasar waje na yi wasa? Onikura na zo."

"To sannu da dawowa. Nakamine."

Matarsa ta fashe da dariya. "Na gaya maka. Baba, bara a kan gadon ja aka sauko da shi, yana ihu yana kiran sunan uwarsa."

"Ke dai ba a rufin asiri da ke," in ji mutumin. Ya ja kwanon miyar miso gabansa, ya dubi Genzo. "Kai fa Baba, yau ina za ka?"

"Onikura."

Na ci gaba da zuba shinkafa ban ɗago ba. Da baƙi suka watse, ya sa rigar sanyi, ya shiga laluben aljihu.

"Tokiko, ina safar hannuna?"

"Tana sama, a kan shimfiɗa."

Ni na kai ta can da gangan. Ya tsaya yana kallona. Na aje tire, na je na zauna a kujerarsa kusa da murhu, wadda ban taɓa zama a kai ba, na ɗauki kofin shayinsa na riƙe. Nan take ya gane. Fuskarsa ta yi ja, na ɗauka zai yi faɗa, amma sai ya juya ya hau.

Ya daɗe a sama. Da ya fito ya tsaya a bakin matakala, safar a aljihu, hannuwa a sake, ido a gaba, kamar yadda yake so ya ga na Onikura. Ya sauko mataki na farko lafiya, na biyu ma haka. A na gaba ƙafar hagu ta makara, silifas ya zame, hannunsa ya kai wa ƙarfe cafka tun kafin ya ba shi izini. Daga nan har ƙasa ƙafa biyu ya riƙa haɗawa. Tausayinsa ya kama ni har na ji kamar in tashi in ce wasa nake yi, amma na daure na zauna.

Ya tsaya a gabana yana haki. "To faɗi mana. Ba kin zauna a kujerar ba?"

Na aje kofin shayin.

Genzo mutum ne mai taurin kai, amma bai taɓa murɗe hukuncin matakalar nan don kowa ba, ko mai kuɗi ko ɗan'uwa. Ya waiwaya ya dube ta, ya ce a hankali, "Da baƙo ne, Koyama zan tura shi." Sai ya fara zuge rigar sanyin. "Shi ke nan, na bari. Ki ba mijin Chisato katakon."

A nan ne raina ya ɓaci, tausayin ya gushe.

"Baban Chisato, me Koyama ya yi maka? Wurin da ka tura ni tun ina amarya, ashe a wurinka gara mutum ya zauna a gida da ya je can? Ka taɓa zuwa ka ga inda ka aje ni?"

Ya sake duban matakalar. Can ya mayar da zif ɗin rigar.

Da muka isa Koyama, Iya Sadako ce ta fara hango mu daga bukkarta. "Wa nake gani haka, Genzo? Ɓatan hanya ka yi, ko wani ne ya karye a nan ban sani ba?"

"Taliyarki na zo ci, an ce har yanzu ba ki iya ba."

"Sai ka fara saukowa tukuna. In ka faɗi gaban yara ba ruwana."

Muka bi layi a bayan 'yan makaranta, muka hau kujera ɗaya. Daga saman Koyama ana hango Onikura, har da tutocin bikin suna kaɗawa. Ya daɗe yana kallon can. Sannan ya dubi gangaren da ke gabansa, wanda rabonsa da shi tun yana ɗan firamare, kafin a dasa itatuwan gefe a canza hanyar.

"Ta ina ake bi?"

"Ta dama. Gindin itatuwan can ƙanƙara ce da safe, ba ta son ƙafar hagu. Biyo bayana."

Na sauka a hankali, ina yin lanƙwasa masu faɗi don ya samu lokacin juyawa. Ina jin katakonsa a baya, na dama shiru, na hagu yana ɗan karta. Bai faɗi ba. Da muka wuce itatuwan na manta da kaina na sake jiki kamar yadda na saba, na isa ƙasa na tsaya ina jiransa.

Ya iso ya tsaya a gefena, amma ba ƙafarsa yake dubawa ba, ni yake kallo.

"Tun yaushe kike sauka haka?"

"Haka kamar yaya?"

"Ido a gaba. Tokiko, ke ai kin wuce nan tun tuni. Ko Nakamine ya yi miki kaɗan." Ya cire tabarau ya goge. "Me ya sa ba ki taɓa faɗa mini ba?"

"Kai da ba ka tambayar kowa."

Na tuna cewa duk shekarun nan kafin ciwonsa ni ke riga shi sauka da safe in ɗora shinkafa, bayan ciwon kuma yana fama da hura murhu nake saukowa, don haka sau ɗaya tak ya taɓa ganina a kan matakala daga kujerarsa. Ina jin shi ma abin da ya tuna ke nan.

"Gobe ki je Onikura," in ji shi. "Zan gaya wa mutanena su nuna miki hanya."

Na ɗaga kai na dubi tutocin. Ba zan ɓoye ba, na so zuwa, shekara da shekaru na so.

"In na tafi, wa zai nuna maka taka hanyar?" na ce. "Matsa, yaran nan za su riga mu kujera."