Hannun Ƙofar Gidan Likita

Sakina ta danna ƙofar da kafaɗa, ta ɗaga ta da gwiwa, sannan ta murɗa mariƙin da hannu biyu har ya yi kukan tsohon guga. Haka ake buɗe ɗakin duba marasa lafiya a gidan likitar wannan ƙauye na gefen Issawane, daga ciki ko daga waje. Ran da aka turo ta aikin jinya daga Mayahi, wannan dabara aka fara koya mata kafin a nuna mata inda magani yake. Ana dariya aka koya mata, sai ka ce wani abin gado.

Ta fito zubar da ruwa ke nan ta hango wata Bafillatana zaune ƙarƙashin itacen bedi, da yarinya kwance a cinyarta. Idanun yarinyar sun kafe, jikinta kamar garwashi. Matar ta ce sunanta Barira, tun hantsi take nan. Jiya ma ta zo, ta taɓa hannun ƙofa bai juya ba, ta ɗauka an rufe, ta goya yarinyar ta koma ruga da ƙafa.

"Mi ya hana ki ƙwanƙwasa? Jiya muna ciki, yau ma muna ciki."

Barira ta sunkuyar da kai. "Wanda ya rufe ƙofarsa ai ya riga ya ba ka amsa."

Da Sakina ta tambayi sunan yarinyar, Barira ta kau da fuska, ta ce, "Wannan ɗin." Nan Sakina ta gane 'yar fari ce. Matar da kunya ta hana ta kiran sunan 'yarta, ina za ta tsaya gaban maza tana dukan ƙofa a kanta?

Majo Abdussalamu, shugaban gidan likitar, mutum ne da ya san aikinsa. Bai ɓata lokaci ba ya nemo jijiya a ɗan siririn hannun, ya ɗaura ruwa, ya yi allurar masassara. Yana wanke hannu ya ce da ta ƙara kwana, da sai dai gaisuwa. Mutanen daji, in ji shi, ba sa zuwa sai abu ya lalace.

"Ta zo, Majo," in ji Sakina. "Ƙofarmu ta kore ta."

Ya ce ai an sanar da Mayahi tun bara, za a kawo sabon makulli, a yi haƙuri. Na Allah mai gadi, da ke leƙe ta taga, ya ce shi kam ya fita haƙƙin ƙofar nan: duk ranar kasuwa sai ya ɗura mata man gyaɗa, daga na miyar gidansa ma.

"To man naka ne ya kashe ta, Baba."

"Ji ɗiyar lakwal da bokonta," ya ce yana dariya. "Mai ya taɓa kashe ƙarfe?"

Abin da ke cin Sakina ba Na Allah ba ne. Ita ce ta fi kowa iya ɗaga ƙofar nan da gwiwa, har ta koya wa wata sabuwar ungozoma. Mutum ya saba da ɓarna har ya ƙware a kanta, ya mance cewa wanda ke waje bai san dabarar ba. Mata nawa suka taɓa wannan ƙarfe suka juya, su suna ciki suna cewa yau babu marasa lafiya?

Bayan azahar ta ari wuƙar Na Allah, ta kwance kusoshin da bakin wuƙar, ta zaro cikin makullin ta shimfiɗa a kan tire. Abin da ta gani ya sa shi kansa ya matso yana dubawa: tsohon mai ya haɗu da rairayi da ƙaiƙayin hatsi ya daskare kamar tunkuza. Ta tsiyayo isansi, wato fetur, daga babur ɗin Majo, ta wanke kowane ƙarfe da tsohon buroshi, ta shanya a rana. Ta kankare bakin fensir ta barbaɗa garin a ciki, don shi ba ya kama ƙasa. Da ta mayar, yatsa ɗaya ya juya mariƙin. Na Allah ya buɗe ya rufe, ya buɗe ya rufe, yana cewa ashe haka aka halicce ta.

Wajen la'asar zafin yarinyar ya sauka, ta nemi nono. Sakina ta rufe ƙofa, ta zauna bakin taga da sanyin zuciya.

Sai ga wata tsohuwa ta shigo harabar da ƙwarya a ka. Barira ta ce surukarta ce, ta kawo mata fura. Sakina ta zuba ido tana jira ta ga hannun tsohuwar a kan mariƙin. Tsohuwar ta tsaya daga nesa, ta dubi ƙofar, ta wuce ƙarƙashin bedi ta sauke ƙwarya ta zauna.

"Ko taɓawa ba ta yi ba," in ji Sakina.

"Ba za ta taɓa ba," Barira ta ce a hankali. "Duk rugagenmu an sani, ƙofar nan ba ta buɗuwa."

Sakina ta daɗe tana duban mariƙin da ta sha wahalar gogewa. Sannan ta tashi ta buɗe ƙofar har bango, ta mirgino dutsen da Na Allah ke zama a kai ta tokare ta.

Majo ya ɗago kai, ya ce ƙuda za su shigo, da rairayi, har da awaki.

"Ni zan riƙa sharewa," ta ce, ta taka zuwa gindin bedi don ta ɗaukar wa tsohuwar ƙwarya.