Fangalin Bakin Rijiya

Iklima 'yar Bala ta Alelu, wadda ke karatun ilimin taurari a jami'a, ta kusa rasa shekara guda a kan lamba ɗaya tak. Yarinyar nan akwai kafiya, tun tana rarrafe.

Aikinta na kammala karatu shi ne auna inda wata tauraruwa take a cikin hotunan sama. Shi hoton kwamfuta, ashe ƙananan gidaje ne a jere, fangali-fangali kamar gonar albasa, sai a ƙirga a ce tauraruwa tana gida na kaza. Iklima ta samu ɗari biyu da sha ɗaya. Malaminta Dakta Lukman ya buɗe hoton a tasa manhajar, ya ga ɗari biyu da sha biyu. Hoto arba'in, duk lambarta ta gaza tasa da ɗaya.

"Ki mayar da su daidai da nawa kafin Litinin," in ji shi, "ko ki dawo baɗi."

"Ranka shi daɗe, abin da na gani shi na rubuta. Ba ni canza shi."

Ranar Asabar ta hau kabu-kabu daga Jega zuwa gida, ta iske rigima a fadama. Bala ya sa ƙanensa Maccido ya cire albasar fangali na uku, shi kuwa ya tuge ta na huɗu, wadda ba ta ƙosa ba.

"Makaho kake? Ɗaya, biyu, ukku!" Bala yana nunawa da fartanya.

"Haba Yaya! Tun zamanin Baba wa ya taɓa ƙirga fangalin bakin rijiya? Na iri ne. Daga na bayanshi ake farawa."

"To ni ina ƙirga shi!"

Iklima ta yi tsaye, ta dubi fangalin, ta dubi baffanta Maccido, sai dariya.

"Ke kuma mi ya same ki?" in ji Bala.

"Baba, Allah shi ƙara maku faɗa!"

Litinin ta shiga ofishin Dakta da kundinta, ko ɗigo ba ta taɓa ba. Ta roƙe shi ya kai kibiyar kwamfuta kan gidan farko, can kusurwar hoton. Manhajarsa ta nuna ɗaya. Ta yi haka a tata, ta nuna sifili.

"Tauraruwa ba ta gusa ba, ranka shi daɗe. Mafarin ƙirga ne ya bambanta."

Dakta ya jima yana kallo. "To ki ƙara ɗaya a kowanne, a huta."

"In na ƙara, wanda ya buɗe da irin manhajata zai auna wurin da babu komi. Zan rubuta a shafin farko cewa daga sifili na fara. Lambobina suna nan."

Ya cire tabarau, ya murza ido, ya jawo kundin ya sa hannu.

Maccido kuwa, har gobe ba ya ƙirga na bakin rijiya.