Kukan Ɗaki na Uku

An riga an jera kwali goma sha biyu na 'yan tsaki a bayan a-kori-kura lokacin da Phoebe ta fito daga ɗakin kaji na uku ta ce a sauke.

Toma, manajan gonar, ya ɗauka bai ji daidai ba. Ya tuna mata cewa matan barikin Shadawanka sun yi wata guda suna jiran 'yan tsakin nan ɗari takwas, kuma in sun ji daɗinsu, ƙungiyarsu ba za ta ƙara saye a wani wuri ba. Ya nuna mata takardar da likitan dabbobi, Dokta Hammajoda, ya sa wa hannu jiya: riga-kafi ya cika, nauyi daidai, ko ɗaya bai mutu ba.

"Na gani," in ji ta. "A sauke."

"Madam, to me zan ce musu?"

Ba ta da dalilin da za a iya rubutawa. Shekara goma sha tara tana kiwo a bayan Yelwa, daga kaji talatin a tsakar gidan haya zuwa ɗakuna huɗu da ma'aikata tara. Kowace safiya takan tsaya a bakin ƙofa ta saurara kafin ta shiga. Yau 'yan tsakin suna ci, suna sha, suna watsewa in an tafa hannu. Kukansu ne kawai bai cika mata kunne ba.

Da hantsi Magajiya Yagana, shugabar matan barikin, ta iso a keke napep da mata biyu. Ta ga mota wayam, ta saurari bayanin Toma, sannan ta juya ga Phoebe.

"Maman Jemima, ba su da lafiya ne?"

"Ban ce ba."

"To lafiyarsu ƙalau?"

"Shi ma ban ce ba, Magajiya. Ki ba ni kwana uku."

Magajiya ta yi dariya, ta tambaye ta ko mafarki ta yi. Ta ce mata arba'in sun share keji sun sayi abincin kaji, ba za ta koma ta ce musu mai gona ta ji wani abu a jikinta ba. Phoebe ta san kejin nan, jere suke a bayan ɗakunan sojoji, na wannan manne da na waccan. Ta ce abin da ya shiga ɗaya ya shiga duka. Magajiya ta ce akwai mai gona a hanyar Jos da zai loda musu yau, ta gyara mayafi, suka hau kekensu.

Dokta ya dawo da azahar. Ya ɗaga fukafukai, ya buɗe baki, ya duba kashi, bai ga komai ba. Ya ɗebi jini, ya ce sakamako sai bayan kwana uku. Yana wanke hannu ya ce a makaranta ba a koya musu sauraron hirar kaji ba. Toma bai yi dariya ba. Tun safe bai ƙara kallon Phoebe ba.

Bayan la'asar ta kife bokiti a ɗaki na uku ta zauna. Ta daɗe kafin ta gane abin da take yi: marar lafiya take nema.

Ga ɗan tsako ɗaya nan kusa da mazubin ruwa, ya saki fukafukai, ido a rufe. Can gaba kaɗan ga wani.

Abin da ta fara ji sauƙi ne, kuma bai daɗe ba. Ta taga tana hango sauran ɗakuna uku, kaji dubu huɗu, guminta na shekaru.

Ta kira Toma. Ta ce a rufe ƙofar gona, a zuba magani a bakin kowane ɗaki, wanda ya shiga nan yau kada ya taka sauran. Ya durƙusa ya ɗauki ɗan tsakon, ya juya shi a tafin hannu.

"Ashe kin yi gaskiya, Madam."

"Da ma ban yi ba," in ji ta, ta cire takalminta ta tsoma a ruwan magani.