Abin da Na Ji a Ɗakin Habila

"In ji littafin," na ce, na ɗora yatsa a kan layin, na ci gaba da haɗa baƙaƙen a hankali.

Malam Habila ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Matarsa Rifkatu ta tallafo kansa, ta ba shi ruwa a cokali.

"Mansur, kowane layi sai ka ce in ji littafin? Ai mun san ba kai ka rubuta shi ba."

Sharaɗin da aka ba ni ke nan. Wata uku da suka wuce, da ciwon suga ya cinye masa ido, ya roƙe ni in riƙa karanta masa Linjilarsa ta Hausa. Rifkatu ba ta yi boko ba, 'ya'yansu kuma suna nesa. Ni ma sai da na haura arba'in na shiga ajin yaƙi da jahilci, kuma shi ne ya riƙa zama bakin shagon ɗinkina yana gyara mini karatu. Na je na tambayi Malam Atiku, limamin masallacin layinmu. Ya daɗe yana shafa gemu, sannan ya ce, "Karanta mishi, haƙƙin maƙwabtaka ne. Amma duk inda ka iske abin da ba mu yarda da shi ba, ka ce in ji littafin."

Habila mutumin Zuru ne, malamin dabbobi. Shekara talatin da huɗu ya yi a Tambuwal, babu rugar da ba ta san babur ɗinsa ba daga Dogon Daji har Kebbe. Duk tsawon shekarun nan shi da Malam Atiku suna gardama ɗaya a gindin dogon yaron da ke gaban shagona, a kan Annabi Isa: Allah ne, ko manzon Allah ne. Ni ina taka keke ina saurare. Ban taɓa sa musu baki ba.

Ran nan bayan azahar muka ji kabu-kabu ya tsaya a ƙofar gida. Malam Atiku ne, daga Fakku, inda ya yi kwana shida wajen 'yan'uwansa. An yi masa waya cewa likita ya sallamo Habila, ya ce a kai shi gida kawai. Ko gidansa bai biya ba. Ya yi sallama, ya shigo da jakarsa a kafaɗa, ya zauna a bakin katifa.

"Wa nake ji kamar mai taurin kan nan?" in ji Habila.

"Shi ne. Har yanzu kana nan kana wahal da tela?"

"Ka zo a daidai. Mansur, maimaita masa wurin."

Na maimaita. Wurin da ɗaya daga cikin mabiyan Isa, wanda ya yi shakka, ya gan shi ya kira shi Ubangijinsa kuma Allahnsa. Na ce in ji littafin har sau biyu.

"To, ka ji," in ji Habila.

"Na ji. Wani ne ya faɗi, ba shi ba. Ni abin da nika tambaya tun muna da baƙin gashi, ina ya ce da bakinsa ni ne Allah, ku bauta mini?"

"Ya hana mutumin? Bai hana shi ba."

"Wanda ya kifa goshi ƙasa shina addu'a cikin wannan littafin naka, wa yaka roƙo? Kansa?"

"Ɗa yana magana da Ubansa. Sau nawa zan gaya maka?"

"Subhanallahi. Bai haifa ba, ba a haife shi ba."

Rifkatu ta ce, "Haba Malam, ko ruwa ba ka sha ba." Ta fita ɗebo masa.

Tana fita Malam Atiku ya sauke jakar. Ya kamo hannun Habila, wanda ya rame har zoben azurfarsa yana yawo a yatsa. Muryarsa ta sauya.

"Habila, ba gardama ta kawo ni ba. Na bari, ka ci. Kalma guda nika roƙo. Ka ce babu abin bautawa sai Allah, Muhammadu manzonsa ne, Isa bawansa ne. Numfashi guda ya isa."

"Atiku."

"Ka san dokarmu. In ka tafi hakanga, bakina ba shi da ikon cewa Allah shi jiƙanka. Na yi wa mutanen da ban sani ba sallah. Na yi wa waɗanda sunka zage ni. Kai da ka ɗauki ɗiyata Yusra cikin ruwan sama ka kai ta asibiti, kai ne zan tsaya in yi shiru?"

Ƙuda ya sauka a goshin Habila, na kore shi da murfin littafin.

"Kana tsammani ni ba na jin tsoro a kanka?" ya ce. "Kullum da safe sai na ambaci sunanka. Na ce ya Yesu, ga Atiku, mutumin kirki ne, buɗe masa ido. Shekara talatin. Ga shi ni ne nawa idon ya rufe." Ya ɗan murmusa. "In na faɗa don in faranta maka, alhali zuciyata tana wani wuri, za ka karɓa?"

Malam Atiku ya sunkuyar da kai. "A'a."

"To ka gani."

Rifkatu ta dawo da ruwan. Ya karɓa ya riƙe, bai sha ba. Haka muka zauna, numfashin Habila yana ƙara nauyi, har ladan ya kira la'asar.

Malam Atiku bai motsa ba. Aka zo ƙofar gida aka ce ana jiran liman.

"Tafi, mutane suna tsaye," in ji Habila, da ƙyar.

Malam Atiku ya miƙe. Na yunƙura zan bi shi, sai na ji Habila ya riƙe mini wuyan hannu. Malam Atiku ya duba, ya sunkuyo kusa da kunnena. "Zauna, ka yi taka daga baya. In ka ga alama, ka laƙƙana mishi kalmar shahada. Amana ce, Mansur."

Masallacin gida uku ne tsakaninmu. La'asar ba a bayyana karatu, kabbara kawai lasifika take kawowa. A kabbara ta biyu numfashin ya fara yankewa. Rifkatu ta durƙusa ta ɗaya gefen, ta fara wata waƙar coci a hankali. Ni kuma na kai bakina kusa da kunnensa na faɗi kalmar shahada, sau ɗaya, kamar yadda ake yi. Rifkatu ta ɗago ta dube ni. Ba ta hana ni ba, ba ta kuma daina waƙar ba.

Habila ya matse hannuna. "Na gode, Mansur," ya ce. Sannan leɓɓansa suka sake motsi, na ji abin da ya faɗa sarai. Kafin a yi sallama a masallaci hannunsa ya saki nawa.

Malam Atiku ya ji kukan tun daga waje. Ya tsaya a zaure, ya aika a kira ni. Carbinsa yana hannu, bai ko sa takalmi daidai ba.

"Ka laƙƙana mishi?"

"Na yi."

"Ya ji?"

"Ya ji. Har ya yi mini godiya."

Fuskarsa ta ɗan saki. "To, bakinsa ya motsa bayan nan?"

"Ya motsa."

"Wataƙila ba ka ji da kyau ba. Mai mutuwa maganarsa ba ta fita. Ga kuma waƙa ana yi." Yana kallona kamar yadda mai jinya yake kallon likita. "Ko ba haka ba?"

Da na ce ban ji ba, da ya samu abin riƙewa har ƙarshen ransa. Kalma uku ce, babu wanda zai ƙaryata ni. Amma mutumin nan ya ce amana ce, kuma kunnena yana dab da bakin Habila.

"Na ji, Malam. Yesu ya kira. Ya ce Ubangijina."

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da gyaɗawa. Ya jingina da bangon zaure ya zame har ƙasa.

Washegari da hantsi 'ya'yan suka iso da fastonsu da wata farar a-kori-kura, za su kai shi Zuru. Layinmu duk ya fito, har Fulani daga ruga. Kowa yana cewa, "Sai haƙuri, Allah shi ba ku dangana," a nan maganar take tsayawa. Malam Atiku ya zo gaban Rifkatu ya ce, "Maman Rahila, mun yi rashi. Allah shi..." Ya tsaya. Ta jira. Da ta ga babu sauran, ta ce, "Na sani, Malam. Na gode."

Shi ya kama kusurwa ɗaya ta akwatin aka ɗora. Motar ta tashi a hankali saboda ramukan layin, ya bi ta a ƙasa, tafinsa a kan ƙarfen baya, har bakin titi. Nan direba ya ƙara wuta. Malam Atiku ya tsaya a gefen kwalta, motocin Sakkwato suna wuce shi. Na ga ya ɗago hannuwansa biyu zuwa ƙirji, a buɗe. Ya dube su. Sai ya kai su ga hularsa, ya gyara mata zama.